"Da Sauƙi": Gaskiya a Bakin Gadon Majinyaci

A ƙasarmu, idan ka shiga gaida marar lafiya ka ce masa, "Yaya jiki?" amsa ɗaya za ka ji: "Da sauƙi." Ko yana iya tashi zaune da kansa, ko sai an tallafe shi, da sauƙi ne. Na yi shekara ashirin da shida a aikin fasto, na zauna a bakin gadajen da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ban taɓa auna nauyin kalmomin nan biyu ba sai da ciwo ya shigo ɗakin mahaifiyata ya kama ƙanena.

Shi ne yake bi mini. Malamin firamare ne, manomi, kuma ɗaya daga cikin mawaƙan ikilisiyar garinmu. Yana da shekara arba'in da shida muka ga ya fara ramewa, farin idonsa ya koma rawaya. Aka ce shawara ce, aka yi ta dafa masa ganyaye da saiwoyi. Bayan girbi ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya tashi har rigar sujadarsa ta daina shigarsa. Sai muka kai shi babban asibiti a Jos. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, rana ta uku likita ya yafato ni waje ni kaɗai.

Ya ce ƙwayar cutar hanta da ake kira hefataitis B ta daɗe a jikin ƙanena, mai yiwuwa tun yana jariri. Shekara da shekaru tana cin hantar ba tare da ya ji wani ciwo ba, tabo yana bin tabo, har hantar ta taurare ta ƙanƙance. Wannan shi ne abin da likitoci suke kira sirosis. Jinin da ya kamata ya ratsa hanta ya rasa hanya, shi ya sa ruwa yake taruwa a ciki, jijiyoyin maƙogwaro kuma suke kumbura, suna iya fashewa mutum ya yi aman jini. Bayan wannan, hoton ya nuna ƙari a cikin hantar, ya kuwa riga ya yaɗu. Ya ce za su iya zuƙe ruwan, su rage masa wahala, amma ba su da abin da zai mai da hantar yadda take. Na tambaye shi batun dashen hanta da nake jin ana zuwa Indiya a yi. Ya girgiza kai ya ce ko da muna da kuɗin, an wuce wurin. Sa'an nan ya ce, "Fasto, kai za ka gaya masa, ko ni?"

Na ce ya bar mini. Na koma ɗakin, ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, me ya ce?" Na ce, "Ya ce da sauƙi."

Mako shida na yi ina riƙe da wannan amsa. Tambayar da nake so mu duba tare, ƙaunatattu cikin Almasihu, ita ce wadda ta hana ni barci a makonnin nan: idan ajalin ɗan'uwanka ya gabato, ka kuwa sani, ɓoye masa jinƙai ne ko zalunci?

Bari in fara da hujjar masu cewa a ɓoye, gama ba marasa hankali ba ne, ni ma ina cikinsu. Da muka taru a gida, ni da matarsa da ƙanwarmu da kawunmu, bakinmu ya zo ɗaya. Kawu ya ce mummunan labari yana kashe majinyaci tun kafin cutar ta kashe shi, ya kuwa taɓa ganin wanda aka gaya wa irin wannan ya juya fuska ga bango ya daina cin abinci. Matarsa ta ce likita ba Allah ba ne, wa ya isa ya yanke wa mutum kwana? Ni kuma ina da tawa hujjar da na lulluɓe da rigar bangaskiya: kowace safiya muna roƙon warkarwa, in na buɗe baki na ce zai mutu, ashe ban rushe addu'ata da kaina ba? Akwai gaskiya a cikin kowace ɗaya. Al'adarmu ta tausasa harshe a gaban majinyaci abu ne mai kyau. "Da sauƙi" sau da yawa addu'a ce da fatan alheri, mai faɗa da mai ji duk sun san haka, ba wanda aka ruɗa. Amma ranar da ƙanena ya tambaye ni abin da likita ya ce, ba gaisuwa yake yi ba. Labari yake nema game da ransa, ni kuwa na ba shi abin da na san ba haka yake ba. Wannan ƙarya ce, kome kyawun niyyata.

A makarantar tauhidi mun karanta Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rubuta littafi a kan ƙarya wajen shekara ta 395. Matsayinsa mai tsauri ne: ba a yarda wa mai bi ya yi ƙarya ba, ko da don ya taimaki wani. Ya yarda mutum yana iya yin shiru, ya kuma yarda wata ƙaryar ta fi wata muni, amma bai buɗe ƙofa ga ko ɗaya ba. Ina ɗalibi na ɗauka tsohon ya cika tsanani. A makonnin nan shida na ga abin da ya hango, domin na ga abin da ƙaryata ta haifa.

Na fari, ta ware ƙanena daga cikinmu. Mu duka mun san abu guda, shi kaɗai aka bari a waje. Ana hira a tsakar gida, da ya fito sai a yi tsit. Matarsa takan je bayan rumbu ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo. Mutumin da ya fi kowa bukatar a kewaye shi, shi ne muka gina wa katanga.

Na biyu, ta cinye abin da 'ya'yansa za su dogara da shi. Tun da an ce da sauƙi, sai neman magani ya ci gaba ta kowace fuska. Wannan ya kawo gorar tsimi, wancan ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye da ba ya kuskure. Aka sayar da shanun noma biyu, aka fara cinikin gonar fadama. Hantar da ta riga ta gaza kuwa ita ce za ta tace duk abin da aka ɗura masa, likita ya riga ya gargaɗe ni cewa irin waɗannan jiƙe-jiƙen ƙara mata nauyi suke yi. Ina gani, na kasa hanawa, gama in na hana sai in faɗi dalili.

Na uku, inda aka rufe bakin gaskiya, zato ne yake magana. Waɗansu a gari suka fara raɗa cewa malam yana shan burkutu a ɓoye, don a saninsu giya ce kaɗai take lalata hanta. Giya tana lalata ta, haka ne, amma ƙanena bai taɓa kai ta baki ba. Waɗansu a cikin dangi kuma suka tuna yana da rikicin iyakar gona da ɗan baffanmu, suka ce ai kumburin ciki irin wannan sammu ne. Har aka hana matar ɗan baffan shigowa gaisuwa. Almajiran Ubangiji ma da suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, abin da ya fara zo musu shi ne neman mai laifi, Yesu kuwa ya kawar da tambayar gaba ɗaya. Ni da nake da sunan cutar a bakina na bar marar laifi yana ɗauke da zargi.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni tsoro, ya kuma shafi ciwon hanta musamman. Aikin hanta ne ta tace dafin da yake fitowa daga hanji. Idan ta gaza, dafin yakan bi jini ya hau ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara barci da rana yana farkawa da dare, hannunsa ya riƙa karkarwa, ya manta abin da aka gaya masa yanzun nan, daga baya ya kasa gane mutane. Akan ba da wani maganin ruwa mai suna lactulose don ya riƙa fita bayan gida sau biyu ko uku a yini, hankalin ya dawo, amma kowace dawowa tana iya zama ta ƙarshe. Wata safiya a mako na biyar ƙanena ya kira ni da sunan mahaifinmu, wanda ya rasu tun muna samari. Kwana biyu yana cikin wannan hali kafin ya warware. A nan na gane cutar nan tana iya ɗauke hankalinsa tun kafin ta ɗauke numfashinsa, kwanakin da nake ɓatawa da "da sauƙi" kuwa su ne kwanakin da yake da su na yin magana da iyalinsa.

Na koma ga Littafi Mai Tsarki ina neman inda Allah ya ɓoye wa bawansa irin wannan labari don tausayi. Abin da na tarar dabam ne. Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, a Ishaya sura 38, Allah ya aiki annabi musamman ya sanar da shi ajalinsa ya zo, ya kintsa al'amuran gidansa. Ku lura da abin da ya biyo baya. Jin gaskiyar ne ya sa Hezekiya ya yi addu'a da kuka mai zafi, Allah kuwa ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Ashe sanin gaskiya bai hana addu'a ba, bai kuma ɗaure hannun Allah ba. Yakubu ya san kwanansa ya ƙare, shi ya sa ya tara 'ya'yansa ya yi wa kowa magana, ya faɗi inda za a binne shi. Ubangijinmu da kansa sau uku yana gaya wa almajiransa mutuwar da take jiransa a Urushalima. Bitrus, saboda ƙauna, ya ja shi gefe don ya hana wannan magana, ya kuwa sha tsautawa mai tsanani. Na ga kaina a cikin Bitrus. A Getsamani kuma Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba, duka a cikin addu'a guda. Wanda ya roƙi warkarwa da safe ya kuma shirya gidansa da yamma bai yi rashin bangaskiya ba, sawun Ubangijinsa yake bi. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance da ciwo a Militas, shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba. Bangaskiyarmu ga Allah take, shi ne kuwa mai iko da amsar.

Daren da na yi niyyar faɗa masa, na zauna kusa da shi na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Kai, yaya kake ganin jikin nan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaya, jiki magayi. Tun ranar da ka dawo daga wurin likita ka kasa kallon idona na sani. Na yi shiru ne don kada in tayar muku da hankali." Ashe mako shida muna ɓoye masa, shi ma yana ɓoye mana, kowa yana ɗauke da kayansa shi kaɗai. Na gaya masa abin da likita ya ce, na roƙi gafararsa. Ya yi kuka, na yi kuka. Da ya natsu, abin da ya fara tambaya shi ne, "An riga an karɓi kuɗin fadamar?" Na ce tukuna. Ya ce, "To a fasa. Da ita yaran za su yi karatu."

Ya ƙara mako bakwai, kusan biyar daga ciki da hankalinsa garau. Ya aika aka kira ɗan baffanmu, suka daidaita iyakar gonar a gaban dattawa biyu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ciwonsa daga Allah aka san shi, ba hannun kowa a ciki. Ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi. Ya kira 'ya'yansa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi waƙoƙin da za a raira a jana'izarsa, muka ci Jibin Ubangiji tare a ɗakinsa. Ba mu fasa roƙon warkarwa ba ko kwana ɗaya. Ubangiji ya ga dama ya ɗauke shi wata Talata da asuba. Ba na cewa kowane majinyaci haka zai karɓi labarin. Abin da kawu ya gani shi ma gaskiya ne, akwai wanda zai karaya. Amma ko wanda zai karaya, ransa ne, kwanakinsa ne, ba mu da ikon ƙwace masa su don muna tsoron hawayensa.

Akwai kuma wata gaskiyar da ta fito saboda an kira cutar da sunanta. Likita ya ce a gwada iyali duka. Cutar nan ba baƙuwa ba ce a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a 2022, babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 kuma ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna da ita. Ta jini da ruwan jiki take bi: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, ta allurar da aka maimaita, da kuma ta saduwar miji da mata. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musafaha, ko zama a benci ɗaya a majami'a. Wanda ya kamu yana jariri, kusan tara cikin goma takan zauna musu har girma. Aka gwada mu, matarsa da 'ya'yansa suka fita lafiya, waɗanda ba su da rigakafi aka yi musu. Ni da ƙanwarmu aka same mu da ita. Ƙanwata tana shan ƙwayar tenofovir kullum, ni kuma ana duba jinina da hantata duk wata shida. Da mun binne ƙanena da sunan shawara ko sammu, da yau muna bin bayansa ba mu sani ba.

A nan ne tambayar ta juyo mini da wata fuskar. Mutum uku daga ciki ɗaya. Likita ya ce abin da ya fi yiwuwa shi ne daga mahaifiyarmu muka samu, ko da yake askar wanzamin da ya yi wa yaran unguwarmu aiki ita ma tana iya zama sanadi. Mama tana da shekara kusan tamanin, ta binne ɗanta. In gaya mata? Ni da na gama koyon cewa ɓoye gaskiya zalunci ne, ashe ba sai in faɗa ba?

Ban faɗa ba, har yau kuma ban ga na yi kuskure ba. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya yi rubutu a kurkuku a kan ma'anar faɗar gaskiya. Abin da na riƙe daga gare shi shi ne, dole mai magana ya duba wa yake tambaya, da wane haƙƙi, a wane lokaci, gama akwai mai jefa gaskiya kamar dutse don ya wanke kansa, ba ruwansa da wanda ta faɗa wa. Ƙanena yana da haƙƙi a kan labarin ajalinsa: ya tambaya, abin tabbatacce ne, akwai kuma abin da zai yi da shi. Abin da ya shafi Mama zato ne mai ƙarfi, ba ta tambaya ba, ba ta da laifi a ciki, gama a zamanin da ta haife mu ba gwaji ba rigakafi a ƙauyenmu, ba kuma abin da za ta gyara da jinsa sai baƙin ciki. Mun kai ta asibiti an duba ta, muna lura da lafiyarta. Ban gaya mata ƙarya ko ɗaya ba, in kuwa wata rana ta dube ni ta tambaya, zan faɗa mata abin da na sani da abin da ba wanda ya sani. Ubangiji ma a daren ƙarshe ya nuna wa almajiransa cewa akwai sauran magana da ba za su iya ɗauka a lokacin ba, ya bar ta sai gaba, amma bai taɓa gaya musu abin da ba haka yake ba. Tsakanin yin shiru da yin ƙarya akwai rata, a cikin ratar nan ne mai jinya yake bukatar hikimar Ruhu Mai Tsarki.

Ga wanda yake jinyar irin wannan ciwo yau, ga ɗan abin da na koya. Ka fara da tambayar majinyacin abin da shi yake gani, ka bar shi ya nuna maka iyakar abin da yake so ya ji. Kada ka yanka masa kwana, likita ma bai san ranar ba. Kada ka jira sai hankali ya fara gushewa. In ya ruɗe ya zage ka, ka sani dafin cutar ne yake magana, ka sanar da likita da wuri. Ka rage masa gishiri da dunƙulen miya yadda aka umarta, kada kuma ka ba shi wani magani, na gida ko na kanti, ba da sanin likita ba. Ka bar 'yan'uwa su karɓe ka ka yi barci. Zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta raba kwanaki tana kawo abinci tana wanki, ba don su ba da matar ƙanena ta faɗi. Ku masu zuwa gaisuwa, ku tuna abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, sai da suka fara neman laifinsa suka ɓata. Mu duka kuma mu je a gwada mu. Tun 2004 rigakafin cutar nan yana cikin alluran yara a Nijeriya, ta fari kuwa a cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Har yanzu in na shiga gaida marar lafiya nakan ce, "Yaya jiki?" yakan ce, "Da sauƙi," nakan ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Sai dai yanzu nakan ja kujera in zauna, in ɗan jira, ko akwai wata maganar a bayan wannan.

Ya Uba mai jinƙai, kai ne ka san adadin kwanakinmu. Ka ba mu ƙarfin zuciyar faɗar gaskiya ga wanda yake da haƙƙin jinta, da tausayin riƙe harshe inda magana za ta zama rauni kawai. Ka taɓa marasa lafiyarmu bisa ga nufinka, ka ƙarfafa masu jinya, ka riƙe mu cikin begen tashin matattu. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.